Kafin a Shiga Daudawa, a Nemi Ɗan Gari

Yawancin waɗanda suka ce sun ziyarci Jihar Katsina abu huɗu ko biyar suka gani. Sun hau Hasumiyar Gobarau, sun leƙa gidan tarihi da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, sun ɗebi ruwa a rijiyar Kusugu ta Daura, wataƙila sun tsaya a Durɓi Takusheyi, in an yi sa'a lokacin Sallah ne sun kalli hawa. Kudancin jihar kuwa, ƙasar da magabata ke kira Katsina Laka, ta gilashin mota ake ganinta, a kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau. Ɗalibin da aka ba aikin bincike, da ɗan jarida, da ɗan asalin yankin da ya tashi a Legas ko Kaduna yake son ganin gidan kakansa, duk tambayarsu ɗaya ce: ta ina ake farawa, kuma wa zai raka mutum?

Akwai abin gani. Daudawa, a ƙaramar hukumar Faskari, ta yi suna tun zamanin Turawa saboda gonar irin auduga da aka kafa a can a shekarun 1920. Irin da masana suka tace a Samaru ta Zariya a nan ake yawaita shi kafin a raba wa manoman Arewa, audugar da aka noma kuma ta bi ta injin gurza na Funtuwa, ta hau jirgin ƙasan da layinsa ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Wannan yanki yana cikin wuraren da garmar shanu ta fara kama ƙasa. Idan aka koma baya da zamanin Turawa, ga tsofaffin garuruwa irin su Kogo da Maska da Gozaki, ga 'Yandoto ta malamai can gaba kusa da Tsafe, wadda yanzu take cikin Zamfara. Sai dai babu allo a bakin hanya da zai faɗa wa baƙo wannan, babu ofishin da ke sayar da tikiti. Labarin yana bakin dattawa, a zauruka da gindin bishiyoyi da rumfunan kasuwa, kuma ba a buɗe shi ga wanda ba a san wanda ya kawo shi ba.

Wasu ƙasashe sun mai da wannan buƙata sana'a mai tsari. Biyetnam ta karɓi baƙi kusan miliyan 18 daga waje a 2019, kuma dokar yawon buɗe idonta ta 2017 ta raba 'yan jagora gida uku, kowanne da katinsa: mai raka baƙin waje, mai raka 'yan ƙasa, da wanda aikinsa ya tsaya a wuri guda da ya sani ciki da bai. A tsohuwar unguwar Hanoi, inda tituna ke ɗauke da sunayen sana'o'in da aka san su da su, kamar titin azurfa, baƙo yakan ɗauki ɗan jagora na kansa ya bi da shi lunguna da bayan gidaje inda motar 'yan yawon buɗe ido ba ta shiga. Har ɗaliban jami'a sun kafa ƙungiya mai suna Hanoikids a 2006, suna zagayawa da baƙi kyauta don su goge Turancinsu. Bahaushen da ya san Soron Ɗinki da Dukawa a Kano, ko Darma da Masanawa a Katsina, ba zai ga baƙon abu a unguwa mai sunan sana'a ko na zuriya ba.

Ba zai ga baƙon abu a jagorancin kansa ba ma. Fatake sun daɗe da sanin fatoma, mai masaukin da ke ba baƙo ɗaki, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan magana ta taso. Masanin nan Abner Cohen ya rubuta littafi guda a 1969 kan yadda wannan tsari ke tafiyar da cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan. Heinrich Barth, Bajamushen da ya kira kansa Abdulkarim, ya shiga Katsina a farkon 1851 ya fito da jerin sunayen unguwannin birnin, abin da ba a samu sai daga bakin mazauna. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ma, littafinsa na tarihin Katsina da ya fito a 1981 ya ginu ne a kan tsofaffin takardu da kuma hirarrakin da ya yi da dattawa gari-gari. Da ɗan gari akan ci gari, in ji Hausawa, kuma manyan masu bincike ba su taɓa ƙin wannan ba.

Abin da ya bambanta Daudawa da Hanoi shi ne nauyin da ke kan ɗan jagora. A Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara mutane sun sha wuya a hannun 'yan bindiga. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, waɗannan ukun na ciki. A 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaron al'umma ta jiha. A wurin da aka ga irin wannan, baƙuwar fuska mai yawan tambaya da ɗaga waya tana iya jawo zargin infoma, kuma zargi ne da ke iya kai mutum ga halaka. Wanda ya shigo da baƙo sunansa da na gidansu ya jingina. Baƙo zai koma inda ya fito da yamma, shi kuwa a nan zai kwana, a nan za a tambaye shi wane ne wancan da kuma me ya zo yi. Duk wata shawara da za ta biyo baya daga nan ta taso.

Farkon abin yi ba neman ɗan jagora ba ne, neman wanda zai haɗa mutum da shi ne. Malamin makaranta ɗan yankin, ko ma'aikacin gona, ko limami, ko ɗan kasuwar hatsi da ke Funtuwa, waɗannan su ne ke iya cewa a je wurin wane. Wanda ya tare baƙo a tasha ya ce ya san ko'ina, a gode masa a wuce. Idan an sami suna, a tambayi mutum biyu ko uku da ba su haɗa gida da shi ba: ɗan gidan wa ne, me yake yi, ana ganin girmansa? Tambayar gida ba raini ba ce. Gari na iya samun ɓangarori, na sarauta ko na siyasa ko na aƙida, kuma wanda ya shiga da ɗan wani ɓangare zai tarar da wasu ƙofofi a rufe ba tare da an faɗa masa dalili ba.

Alamar jagoran kirki tana fitowa tun a hirar farko. A tambaye shi abin da wuya ya sani, misali wace shekara aka daina raba iri daga gonar Daudawa, ko wa ya riƙe garin kafin Turawa. Wanda ya ce, "Wannan kam sai mu je wurin Baba wane, shi ya yi aiki a gonar," shi ne abin nema. Wanda ke da amsar kowace tambaya nan take zai cika wa baƙo littafi da abin da ba za a iya tsayawa a kansa ba.

Sau da yawa ma mutum ɗaya ba ya isa. Matashi mai babur ya san hanya, ya san inda rafi ke cika da damina, ya san labarin da ya shigo gari da asuba. Dattijo ya san kufai da tsohuwar ganuwa da wanda ya fara sara a wane daji. Sannan akwai rabin garin da namiji baƙo ba zai taɓa gani ba, domin iyakarsa zaure. Kaɗi da saƙar zare, da sarrafa kalwa da man gyaɗa, da tarihin aure da ƙaura da yunwa, a cikin gida suke. Littafin Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954 kuma har yau ake karanta shi a jami'o'in duniya, ya samu ne saboda mace ce, Mary Smith, ta zauna da tsohuwar a ƙasar Zazzau tana rubuta abin da take faɗa. Tawagar da ba mace a cikinta ta nemi malamar Islamiyya ko ungozoma ko wata dattijuwa mai sana'a, a kuma nemi izinin maigida kafin a aika ta.

Ranar shiga gari, ƙofar mai unguwa ko dagaci ce farko, in aikin mai girma ne a fara da hakimi. A cire takalmi, a durƙusa, a ce "ranka ya daɗe", a bar ɗan jagora ya gabatar da baƙo da bakinsa. Baƙo ya faɗi sunansa da inda ya fito da abin da ya kawo shi a taƙaice, ba ƙari ba ragi, kuma abin da ya faɗa a fada shi zai faɗa a shingen jami'an tsaro da kuma kasuwa. Ɗalibi ya riƙe takardar makarantarsa da katin shaida. Goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa ga dattawa al'ada ce, ba cin hanci ba, kuma ɗan jagora ne ya san gwargwado. Malami "Allah gafarta malam" ne, tsoho "Baba", tsohuwa "Inna" ko "Iya". Kada a fara da tambaya. A gaisa, a tambayi gida da gona da ruwan bana, a sha abin da aka kawo.

Maganar kuɗi a gama ta tun kafin a hau babur. Kunya takan sa ɗan gari ya ce "haba, ba komai", baƙo kuma ya ɗauki maganar a yadda ta zo, a rabu da ƙorafi a zuci. Mutumin da ya bar gonarsa ko shagonsa yini guda ya yi asarar abin da zai samu a ranar. A ware kuɗin mai daban, abinci daban, goron dattawa daban, ladansa daban, kuma ladan kada ya gaza abin da ranar za ta kawo masa. Idan kunya ta hana, wanda ya haɗa su ya yanke.

Waya ita ce ta fi jawo matsala. Ba a ɗaukar hoton mutum sai ya yarda, na mace kuwa sai ita da mijinta ko mahaifinta sun yarda. Ba a ɗaukar shinge, ko masaukin jami'an tsaro, ko 'yan sintiri, ko makarantar kwana. Akwai kuma abin da baƙo daga birni ba ya kawowa a ransa: hoton garken shanu, ko rumbuna cike da masara, ko sabon gidan wani alhaji, idan ya hau Facebook ko TikTok da sunan gari a ƙasansa, ya zama sanarwa ga wanda bai kamata ya sani ba. Kada a wallafa komai ana cikin garin, kada a sanar da ranar zuwa a bainar jama'a, kuma abin da za a wallafa daga baya a nuna wa ɗan jagora tukuna. In ya ce a cire sunansa ko fuskarsa, a cire. Haka nan dattijon da ya yi magana kan hare-hare ko sulhu, ba a saka sunansa don kawai ya yarda a lokacin da hira ta yi daɗi.

Lokacin tafiya kuma ɗan jagora ne zai zaɓa. Kaka zuwa farkon hunturu ya fi, lokacin da hanyoyi suka bushe, ciyawa ta kwanta, ana cirar auduga, kasuwanni irin su Sheme da 'Yankara suna cike da hatsi. A fita bayan rana ta ɗaga, a juyo kafin la'asar ta yi sanyi, a kwana a Funtuwa sai fa in mai masauki ne da kansa ya ce a kwana. A kira shi a daren jajibiri, a sake kira da safe. Idan ya ce yau ba za a je ba, magana ta ƙare, ko da an riga an biya kuɗin mota daga Kano, kuma a ba shi ladan ranar, domin jagoran da ya san zai yi asara idan ya hana tafiya wata rana zai yi shiru inda ya kamata ya yi magana. Labarin sulhu da aka ji a rediyo bai isa hujja ba. Hali na canzawa daga ƙauye zuwa ƙauye, daga mako zuwa mako.

In shiga ta gagara, aikin bai mutu ba. Mutanen ƙauyuka da yawa na Faskari da Sabuwa yanzu suna zaune a Funtuwa da sauran manyan garuruwa, dattawansu na cikinsu. Ɗan jagora zai iya haɗa zama a can, a yi hira a tsanake, a bar ganin wurin zuwa lokacin da hanya ta yi kyau.

Su ma matasan yankin akwai abin da ke jiransu. Waɗanda suka karanta tarihi ko Hausa ko aikin gona a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, ko ta Ahmadu Bello, suna da wayar da za ta naɗi murya a aljihunsu, kuma tsofaffin da suka yi aiki a gonar Daudawa ko suka kai auduga kan sikeli a zamanin hukumar cinikin auduga suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya zauna da su yanzu, da izininsu, ya rubuta sunan mai magana da ranar hira da wurin da aka yi ta, ya ajiye kwafi a wuri biyu, ya kai ɗaya Hukumar Tarihi da Al'adu ta jiha, shi ne mutumin da malaman jami'a da 'yan jarida za su riƙa nema da suna idan suka tashi zuwa Faskari.