Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin Dragon Quest da Final Fantasy, wanne ya fi kasuwa?

Wasannin bidiyon nan biyu 'yan Japan ne, inda mai wasa ke shiga rigar jarumin labari. Kamfanin Enix ya fitar da Dragon Quest a 1986, Square kuma ya biyo da Final Fantasy a 1987, dukansu a na'urar Famicom ta Nintendo. Dragon Quest ya fi farin jini a gida. Ranar fitowar kashi na uku a 1988, ɗalibai sun ƙaurace wa makaranta suna bin layin saye. Final Fantasy kuwa a ƙetare ya fi cin kasuwa. Kashi na bakwai ya koma PlayStation a 1997, saboda faifan CD ya fi ɗaukar hotuna, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 10. Kamfanonin biyu sun haɗe a 2003.