Yadda Ake Gyara Muryar Amfilifayar Jita Mai Bawul

A 1962 Jim Marshall da mutanensa suka fito da amfilifayarsu ta farko a Landan, JTM45, kuma kusan duk da'irarta kwafin Bassman ce ta kamfanin Fender, samfurin 5F6-A na ƙarshen shekarun 1950. Cikin abubuwan da daga baya suka raba muryar gidajen biyu akwai 'yan ƙananan kaya da ke bayan maɓallan nan uku, Treble da Middle da Bass. Masu ƙera amfilifaya da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har yau a nan suke yawan zuba basirarsu. Kai ma za ka iya, in dai ka san riƙon ƙarfen liƙa dalma.

Amma kafin komai, ka tsare ranka. Manyan kafasitocin da ke tace wuta a irin wannan na'ura suna riƙe bolt 400 ko fiye, kuma zare filogi ba ya kwashe su. Kashe ta, zare filogin, ka bari bawul su huce. Sai ka maƙala razista mai kamar 100k, wat 5, tsakanin ƙafar kafasitar da jikin ƙarfen akwatin, ta wayoyi masu rufi. Auna da mita har ka ga wutar ta sauka ƙasa da bolt 10. Duk lokacin da kake aune-aune, hannu ɗaya ya zauna a aljihu. Wanda bai taɓa aikin babbar wuta ba, ya nemi gogaggen mai gyaran rediyo su zauna tare.

Yanzu nemo zanen da'irar taka, ka gano kayan. Ba su da yawa: kafasita uku, maɓallai uku, da razista ɗaya da za mu kira razistar rabo, don ita ke yanke yawan sautin da zai gangara zuwa ɓangaren kauri da na tsakiya. Ɗauki hoton wurin da wayarka kafin ka taɓa komai.

Ga ma'aunan da za ka gwada naka da su. Bassman 5F6-A tana da razistar rabo 56k, kafasitar siririn sauti 250pF, sauran biyun kowacce 0.02µF. Fender masu baƙar fuska na tsakiyar shekarun 1960, irin su Twin Reverb, sun koma 100k, da 250pF, da 0.1µF, da 0.047µF. Marshall na daga baya, irin JCM800, suna da 33k, da 470pF, da 0.022µF guda biyu. Duk wannan tsari yana da kwari a tsakiyar sauti ko da an tsayar da maɓallan a rabi. A masu baƙar fuska kwarin ya fi zurfi, shi ya sa muryarsu take tas, sama na ƙyalli, ƙasa na da kauri. A Marshall kwarin bai kai haka ba, don haka jitar ke kutsawa gaba ko ana ta dukan ganguna.

Fara da razistar rabo, kuma ita kaɗai. Wannan shi ne abin da zan fi matsa maka a kai, domin yawancin masu gaggawa sukan sauya kaya huɗu a zama ɗaya, su kunna, su ji murya ta canja, amma su kasa faɗin wanne ya yi aikin. Kafin ka ciro ta, kaɗa jita na ɗan lokaci ka naɗi sautin, maɓallai duka a rabi. Sannan narka dalmar, ciro tsohuwar, sa sabuwa. In muryar ta yi maka rama, ba nama a tsakiya, rage ƙimar razistar. Sai dai a kula da wani abu. Bassman da Marshall suna da rabin bawul guda da aka ware don tura sauti cikin wannan da'ira, ta ƙafar katod, kuma yana jure nauyi. Masu baƙar fuska ba su da shi, kai-tsaye suke ɗauko sautin daga farantin bawul 12AX7. In ka ɗora musu 33k za ka danne bawul ɗin, ƙarfi ya ragu. A can ka tsaya a 68k ko 56k.

Ka sake naɗa da jita ɗaya, waƙa ɗaya, ƙarar murya ɗaya. Kunne yana da saurin mantuwa, kuma duk abin da ya fi ƙara sai ya ce ya fi daɗi.

In hakan bai isa ba, sai kafasitar siririn sauti. Daga 250pF zuwa 470pF za ka ji saman tsakiya ya fito, jitar ta ƙara cizo. Kowace kafasita da za ka sa a nan ta kasance mai jure bolt 400 zuwa sama, don su ne ke tare babbar wuta kada ta isa maɓallan. In maɓalli yana ƙarar yashi idan an murɗa shi, kuma wanki bai yi magani ba, auna ko wata kafasita na yoyon wuta. Akwai masu rantsuwa da tsofaffin kafasita masu ɗan karen tsada. A ganina lambar da ke jikin kafasita ta fi sunan kamfaninta tasiri nesa ba kusa ba, kuɗin gara ka kai su ga lasifika mai kyau.

Deluxe Reverb ba ta da maɓallin Middle, razista 6.8k ce zaune a gurbinsa. Musanya ta da 10k ko 15k, tsakiya zai cika. Wasu sukan sa maɓalli mai 25k, amma in na'urar tsohuwa ce mai daraja kada ka huda mata fuska, kuma kayan da ka ciro ka adana su a 'yar leda da rubutu.

Akwai manhaja ta kyauta ta Duncan Munro, Tone Stack Calculator, da ke zana maka yadda kwarin zai matsa kafin ka ɗumama ƙarfe. Idan ka gama liƙi, duba ko ɗigon dalma ya faɗa cikin akwatin, haɗa lasifika kafin ka kunna, domin kunna ta babu lasifika na iya ƙona taransfomar fitar da sauti. In kuma na'urar ta Amurka ce mai bolt 120, kada ta ga soket ɗinmu sai ta taransfomar rage wuta.