Maɓoya a cikin ɗaki: yadda ake gina ta, da abin da za a sa ciki

Bayan kaka kuɗi suna shiga ƙauye. An sai da wake, an sai da gujiya, wani ya sai da rago. Ƴan ci-rani sun aiko da nasu. Banki kuwa yana birni, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa. Tilas maigida ya ajiye abin da ya samu a cikin ɗakinsa. Uwargida ita ma tana da nata: ƴan kunne, mundaye na azurfa, da kuɗin sana'arta. Ga kuma takardu, waɗanda yanzu ba gidan da babu su: takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, littafin awon yara, da takardar gona.

Ina ake ajiye su? Ƙarƙashin tabarma. Cikin matashin kai. Ƙasan adaka. Cikin jinkar ɗaki. Tsakanin dammunan hatsi a rumbu. Duk waɗannan wurare ɓarawo ya san su, don shi ma a irin wannan ɗaki ya girma. Nan yake fara kai hannu.

Amma ɓarawo ba kullum yake zuwa ba. Gara kuwa tana nan dare da rana. Laima tana zuwa kowace damana. Gobara tana jiran iskar hunturu. Mutum zai iya ɓoye kaya har ɓarawo ya gaza gano su, ranar da ya je ɗauka ya tarar gara ta maida su gari. Saboda haka wanda zai gina maɓoya, ya fara tunanin gara da ruwa da wuta, kana ya yi tunanin ɓarawo.

Abin da za a fara sa kayan ciki

Gara tana cin takarda, tana cin ƙyalle, da fata, da icce. Leda maras kauri ma tana huda ta. Abin da ya fi ƙarfinta shi ne kwalba, da ƙarfe, da tukunyar da ta gasu sosai. Gwangwani yana hana gara, amma in laima ta same shi sai ya yi tsatsa, tsatsar ta ɓata takarda.

Kwalba mai faɗin baki da murfi mai juyawa ita ce ta fi. A wanke ta, a shanya ta a rana yini guda. Ko ɗigon ruwa kada ya saura ciki. A naɗe takardu ko kuɗi, a sa a leda, a sa ledar cikin kwalba, a rufe gam. Ranar da za a rufe ta zama ranar rani, da rana tsaka. In aka rufe ranar da aka kwana ana ruwa, an kulle laima tare da kayan ke nan.

Maɓoya a bango

Lokacin da ya fi dacewa shi ne lokacin gina ɗaki. Ginin ƙasa aikin rani ne, kuma ba a tashin bango rana ɗaya. Ana jera tubali, a bari ya sha iska, a ƙara. In bango ya kai ƙirjin mutum, da marece bayan magina sun tashi, maigida yana iya yin wannan aiki da hannunsa. Wanda bai iya ba, ya zaɓi magini mai amana, ya yi magana da shi shi kaɗai.

Ga yadda ake yi. A samo ƙaramar tukunya wadda kwalba za ta shiga. A kwantar da ita a gefe cikin kaurin bango, bakinta yana kallon cikin ɗaki. A ja ta baya, kada bakin ya zo daidai da fuskar bango. A kewaye ta da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. A gabanta sai a bar alkuki, irin wanda kowane ɗaki yake da shi don ajiye fitila. Wanda ya shigo zai ga alkuki kawai. Bai san bayan alkukin akwai tukunya ba.

In an sa kwalba, sauran wurin da ya rage cikin tukunya a cika shi da busasshen yashi. Wannan yana da dalili. Bango mai rami, in aka ƙwanƙwasa shi, amonsa dabam ne, kuma masu sata sun san haka. Yashi yana kashe amon. Daga nan a toshe bakin da tsingaro mai faɗi, a shafe da ƙasa kaurin yatsa uku. Sabon yaɓe launinsa ba ɗaya da tsoho ba. In ana kunna fitila a alkukin, hayaƙi zai baƙanta wurin cikin ƴan kwanaki. In gidan tocila ko fitilar rana ake amfani da ita, sai a bi bangon duka da sabon yaɓe, kada wuri ɗaya ya fita dabam. A ɗakin mace abin ya fi sauƙi, don jeren kwanoni yana rufe bango.

Ba kowane bango ake yi wa haka ba. A Nijar hadari daga gabas yake tasowa, bangon gabas shi ke shan dukan ruwa. A bar shi. Kada a yi kusa da indararo. Kada a yi ƙarƙashin inda kan azara ya zauna, ko bisa ƙofa, ko a kusurwa, don nan nauyin rufi yake. Kada a yi ƙasa-ƙasa: laima tana hawa daga tushen bango, shi ya sa ake so maɓoya ta yi kamu biyu ko fiye daga daɓe. Bangon da aka haɗa da maƙwabci, da gidan haya, ba a taɓa su.

In ɗakin tsoho ne, ana iya haƙa, amma a hankali, da rani, kuma kada a ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na kaurin bango. Bangon da bai da kauri a ƙyale shi. Wanda ya rarake bango don tsoron ɓarawo, damana ta zo bangon ya faɗa kan ƴaƴansa, me ya tsare?

Mai ginin bulon siminti ya lura da abu ɗaya. Bulo yana da rami a ciki, ramukan kuma sukan haɗu daga sama har ƙasa. Abin da aka tura ciki yana iya zurarewa inda hannu ba ya kai. A fara toshe ƙasan ramin da siminti.

Maɓoya a ƙasa

Binne tukunya dabara ce ta kaka da kakanni. Wuta ba ta kai wa abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ga mai ɗakin jinka, wanda ba shi da bango mai kauri, ita ce hanya.

A zaɓi gefen ɗaki da ya fi tudu, nesa da ƙofa. Wasu suna binnewa ƙarƙashin randa, wai ba mai tunanin ɗaga ta. Gaskiya ne, amma randa tana tsatsafo kullum, ƙasan ta jiƙe yake, gara kuwa laima take bi. Haka gefen da ya jingina da makewayi. A haƙa rami kamu ɗaya. A zuba toka a ƙasa da kewaye. A sa tukunya, a sa kwalba ciki, a kifa kasko a baki, a liƙe da yumɓu. A maida ƙasa, a daɓe wurin, a aza abu mai nauyi bisa. Ƙasar da ta yi saura a fitar da ita da dare, kaɗan-kaɗan.

Inda ruwa ke kwanciya, kamar bakin Gulbin Maraɗi da Gulbin Kaba, ko garin da ke cikin fadama, takarda ba ta kwana a ƙasa. Zinariya da azurfa ba ruwansu da laima, su za a binne. Takardu su hau bango.

A damanar 2024 ruwa ya rushe gidaje masu yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa, har tsohon masallacin Birni na Damagaram ya faɗi. Ɗakin da ya rushe ba ya da kusurwa, ba ya da alkuki. Tarin ƙasa ne kawai. Saboda haka mai binnewa ya auna daga abin da ba ya faɗuwa: taki nawa daga gindin icce, taki nawa daga bakin rijiya. Ya riƙe wannan ƙidaya.

Irin shuka

Akwai abin da ake ɓoyewa don mutanen gida da kansu, shi ne iri. In rumbu ya ƙare, yara suna kuka, hannu yana zuwa kan iri ko ba a so. A yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, da ta 2005, gidaje da yawa sun cinye irinsu. Da ruwa ya sauka sai bashi, ko shuka irin da ba a san asalinsa ba.

Wanda ke gina rahoniya ko rufewa yana iya yi mata ƙasa biyu. A sa iri a can ƙasa, a shimfiɗa faifan ƙasa bisa, a shafe, kana a zuba abinci a sama. Ko kuwa a cika bido da iri, a rufe, a gine shi cikin ɗaki nesa da murhu. Abin da aka shafe da ƙasa, sai an yi shawara kafin a fasa shi.

Iri sai ya bushe ƙayau. A ciza ƙwara, in ta fashe da ƙara, ta bushe. Bido ya cika har wuya, murfi ya kama sosai, don ƙwarin wake ba sa rayuwa inda iska ba ta shiga. Dabarar ke nan ta buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ma'aikatan INRAN na Maraɗi suka yi aiki a kansa. Gujiya a bar ta cikin ɓawonta.

Abu biyu ba sa shiga maɓoyar ɗakin kwana ko kaɗan. Na farko ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhu: iskar da take fitarwa tana kashe mutum yana barci. Na biyu man fetur.

Kuɗi ba sa son daɗewa

Kalmar kuɗi jam'in wuri ce. Kakanni sun binne tukwanen wuri. Da Nasara suka kawo nasu kuɗi, wuri ya koma kayan ado. Abin bai tsaya a zamanin da ba. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ake saya dala goma ya koma dala ashirin. Kuɗin cikin tukunya ba su ragu a ƙidaya ba, amma taki da magani da atamfa sun yi tsada. A 2004 kuma babban bankin BCEAO ya janye tsofaffin takardun kuɗi, samfurin 1992, daga 15 ga Satumba zuwa 31 ga Disamba. An ɗan ƙara lokaci a farkon 2005. Wanda bai fito da nasa ba har aka rufe, takarda kawai ta rage a hannunsa.

Don haka maɓoya wurin kuɗin wata biyu ko uku ce, daga kaka zuwa sayen taki, ko zuwa biki. Abin da ya wuce haka ya tafi banki ko asusu. Mata sun riga maza gane wannan. Tun 1991 ƙungiyoyin Mata Masu Dubara suka fara a jihar Maraɗi. Suna zuba kuɗi kowane mako, suna ba juna rance. A ƙungiyoyi da yawa akwatin kwaɗo uku gare shi, mabuɗan suna hannun mata uku.

Takardar gona ta fi kuɗi wuyar mayarwa. Tun dokar karkara ta 1993, kwamitin filaye, wato COFO, shi ke ba da shaidar saye, da gado, da jingina, da aro. Ranar rikicin iyaka ita ake nema. In an je birni a yi mata hoto biyu. Ta ainihi ta shiga kwalba, hoto ɗaya a adaka, ɗaya a gidan ɗan'uwa.

Mutum ɗaya ya sani

Maɓoyar da kowa ya sani ba ta da amfani. Yara kada su ga lokacin da ake buɗewa, don yaro ba ya riƙe magana. Amma wadda ba wanda ya sani sai mai ita, ita ma haɗari ce. Mutum yana tsufa ya manta. Yana tafiya ci-rani ya daɗe. Ajali kuma ba ya sallama. Sau nawa aka yi rabon gado, ana cewa marigayi ya sai da shanu bara, amma ba a ga ko dala ba? Marayu suna kwana da yunwa, dukiyar ubansu tana bayan alkuki. Ƴan'uwa kuma suna zargin juna, har zumunci ya lalace.

Maigida ya zaɓi mutum ɗaya: matarsa, ko babban ɗansa, ko amininsa. Mace ita ma ta gaya wa uwarta ko ƴar'uwarta. Wanda ya koyi rubutu ya rubuta abin da ya sa da ranar da ya sa, da bashin da ake bin sa, da wanda yake bi. Takarda ɗaya cikin kwalba, ɗaya wurin amintaccen. Inda maɓoyar take kuwa ba a rubuta shi, da baki ake faɗi.

A riƙa buɗewa sau biyu a shekara: kafin ruwan farko, da bayan kaka. In an ga hanyar gara a bango, ba a jiran lokaci.

Aikin allo

Kaurin bangon wani ɗaki santimita 45 ne. Ba a so a ci fiye da kashi ɗaya cikin uku. Santimita nawa za a iya haƙawa? Faɗin kwalbar maigida santimita 9 ne, yana so ya tsai da ita cikin ramin, yaɓen da zai rufe baki kuma santimita 5. Za ta shiga?