Darasi Na Sha Huɗu: Hanyar Zama Mai Horar da 'Yan Wasa

Ranar da ƙungiyar Nasarawa United take da wasa a gida, tun da la'asar sakaliya jama'a kan yi ta kwarara zuwa filin wasa na Lafiya. Da an hura usur, sai idon kowa ya koma kan ƙwallo. Amma akwai wani mutum a bakin layi wanda ba ya taɓa ƙwallon ko sau ɗaya. Ya zauna, ya miƙe, ya ɗaga hannu, ya yi tsawa. Shi ne mai horar da 'yan wasa, wanda 'yan kallo suke kira koci. Idan an yi nasara, wanda ya zura ƙwallo ake ɗagawa sama. Idan kuwa an sha kashi, koci ake nema. To, ta wace hanya mutum yake bi har ya tsaya a bakin wannan layi?

Yawancin masu horarwa sun fara ne da buga wasa, amma ba lallai ba ne su kasance taurari. Shuaibu Amodu ya buga wa Niger Tornadoes ta Minna, sai karayar ƙafa ta raba shi da wasa. Bai bar fili ba, sai dai ya koma bakin layi. A shekarar 1990 ya jagoranci BCC Lions ta Gboko, a maƙwabciyarmu Jihar Binuwai, ta ci kofin nahiyar Afirka na ƙungiyoyin da suka ɗauki kofin ƙalubale a ƙasashensu.

Ba a ƙwallon ƙafa kaɗai hakan take faruwa ba. A ƙasar Kanada mai tsananin sanyi akwai wasan da ake kira hokin ƙanƙara. Ana yin sa a kan daskararren ruwa, mutum shida a kowane ɓangare, suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanduna. Scotty Bowman ya ji mummunan rauni a ka tun yana saurayi, bai taɓa buga babbar gasarsu ba. Ya fara da horar da matasa, ya yi mataimaki, daga baya ya ɗauki Kofin Stanley har sau tara, na ƙarshe a 2002. Babu kocin da ya kai shi yawan wannan kofi.

Dalili kuwa shi ne aikin biyu ba ɗaya ba ne. Ɗan wasa matsayinsa kawai yake tsarewa. Koci kuwa dole ya ga mutum goma sha ɗaya a lokaci guda, ya kuma karanta abokan hamayya. Dole ya gane wanda yake ɓoye ciwo don kada a ajiye shi a benci, da wanda tsawa take gyarawa, da wanda sai an ja shi gefe an lallashe shi. A ganina, a nan aikinsa ya fi kama da na malamin aji.

Matakin farko ba shi da armashi. Filin makarantar firamare ne, ko ƙungiyar unguwa mai ƙwallo biyu, atisaye da sassafe, ba albashi, wani lokaci ma kocin ne zai biya wa yara kuɗin mota daga aljihunsa. Bayan haka sai karatu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A Legas akwai Cibiyar Nazarin Wasanni ta Ƙasa a Surulere, inda ake koyar da dabarun horarwa da sanin jikin ɗan Adam. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka kuma tana ba da lasisi hawa-hawa: D, sai C, sai B, sai A, sannan na ƙwararru a can ƙololuwa. Mai lasisi kan yi shekaru yana mataimaki, yana jera alamomin atisaye, yana rubuta abin da ya lura da shi, kafin wata ƙungiya ta amince ta damƙa masa ragama.

Garin Lafiya ya ga inda wannan hanya takan kai mutum. Christopher Danjuma ya horar da ƙungiyar mata ta Nasarawa Amazons, wadda ta zama zakarar gasar mata ta ƙasa a 2017. An kuma ba shi ƙungiyar 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara ashirin, ya kai su gasar duniya a Faransa a 2018. A ɓangaren maza, Kabiru Dogo ya kai Nasarawa United wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2016, Bala Nikyu ya sake kai ta a 2021. Duka biyun a bugun fenariti kofin ya kuɓuce. Ku yi tunani: aikin shekara guda, sai bugu ɗaya daga tazarar mita goma sha ɗaya ya yanke hukunci, alhali koci yana tsaye daga nesa, ba abin da zai iya sai kallo.

Kujerar koci kuwa ba ta gado ba ce. Bayan Lafiya, Dogo ya yi aiki a Akure da Bauchi da Ilori. Jakar mai wannan sana'a kullum a ɗaure take. Shi kuwa Amodu, sau biyu yana samar wa Najeriya gurbi a gasar cin kofin duniya, ta 2002 da ta 2010. Sau biyun kuma an sauke shi watanni kaɗan kafin a tafi, bayan ya zo na uku a gasar Afirka. A karo na farko Festus Onigbinde ne ya tafi da ƙungiyar, a na biyu kuma Lars Lagerbäck ɗan ƙasar Suwidin. Amodu ya rasu a watan Yunin 2016 bai taɓa tsayawa a bakin layi yana jagorantar ƙasarsa a wannan gasa ba.

Sababbin Kalmomi

atisaye: motsa jiki da gwajin dabaru kafin ranar wasa
shan kashi: rashin nasara
armashi: daɗi ko ban sha'awa
damƙa ragama: ba mutum shugabanci
gurbi: wuri ko matsayi da aka tanada
ba a fafe gora ranar tafiya: ana yin shiri tun kafin buƙata ta taso

Nahawu

Lura da kalmar “mai” a cikin “mai horarwa” da “mai lasisi”. Ba ta bambanta namiji da mace, kuma jam'inta shi ne “masu”. Mayar da waɗannan zuwa jam'i: mai tsaron gida, mai kallo, mai goyon baya.

Tambayoyi

1. Me ya raba Shuaibu Amodu da buga wasa, kuma me ya yi bayan haka?
2. Kwatanta yadda ake yin hokin ƙanƙara da kalmominka.
3. Me ake nufi da cewa jakar koci kullum a ɗaure take?
4. Da kai ne shugaban hukumar ƙwallo a 2010, za ka sauke Amodu? Kawo dalilai biyu.

Aikin Gida

Ziyarci mai horar da wata ƙungiya a unguwarku. Tambaye shi yadda ya fara, sannan ka rubuta amsarsa cikin jimloli goma.