DARASI: AMANAR ƊALIBIN JAMI'A DA HAƘƘINSA A KAN IYAYE

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanar da mutum abin da bai sani ba. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, kowace shekara idan sakamakon jarrabawar bak ya fito, gidaje da yawa a nan Matamaye da ƙauyukan Kance sukan ɗaure wa ƴaƴansu kaya. A da sai an dangana da Yamai, ko Jami'ar Musulunci ta Sayi wadda aka buɗe a 1986. Tun da aka kafa Jami'ar Damagaram a 2010, tafiya ta yi kusa. Amma kusancin hanya ba ya rage nauyin amana. Yaron da ya saba uwa ta tashe shi asuba, yau ga shi a ɗakin haya ko ɗakin kwanan ɗalibai, babu mai ganinsa sai Allah.

Na farko, salla. Wasu ɗalibai suna yin ƙasaru shekara guda cur, wai su matafiya ne. Wannan kuskure ne. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda ya zo cikin Risala, ana ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 a wuri, ko abin da zai sallaci salloli 20, to cikawa zai yi. Saboda haka ɗalibi mazauni ne: ya cika sallarsa, kuma Juma'a ta wajaba a kansa. Idan darasi ya ci karo da Azahar, ya sani lokacinta yana da faɗi, ya yi ta da zarar ya fito. Kada ya tara sallolin yini sai dare.

Na biyu, jarrabawa. Hadisi ya inganta a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya barranta daga mai algus. Satar amsa algus ce, ko da duk ajin suna yi. Wanda ya sami takardar likita ko ta malanta da ha'inci, gobe ƴaƴanmu zai yi wa allura, su zai karantar.

Na uku, aboki. Ɗalibi ya duba wanda yake cin tuwo da shi, ya lizimci masallacin jami'a. Idan kuɗin tallafi ya yi jinkiri, neman haƙƙi halal ne, amma ƙona mota da fasa dukiyar jama'a ɓarna ce, kuma Allah ba Ya son ɓarna.

Na huɗu, mu iyaye. Kada uba ya ce ya huta. Buhun gero da ɗan abin da aka aika wa yarinya a kan kari yana tsare ta daga miƙa hannu ga wanda ba ya tsoron Allah. A sama mata mariƙi amintacce cikin dangi a Damagaram. Idan an kira yaro a tarho, a tambaye shi sallarsa kafin makinsa.

Kai kuma ɗana, idan ka dawo hutun damina, ɗauki haiwa ka bi mahaifinka gona. Kada ka raina malamin zaure da ya koya maka Ahalari don ka iya Faransanci. Abin da ka gani ya saɓa wa abin da ka karanto, tambaya cikin ladabi, domin saɓanin malamai ya girme ka.

Allah Ya ba ƴaƴanmu ilmi mai amfani, Ya tsare su, Ya sa su ji ƙanmu. Amin. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.