Darasi na 12: Mushen Fengwin a Bakin Teku

Fengwin tsuntsun teku ne, bayansa baƙi, ƙirjinsa fari. Ba ya tashi sama, amma gwani ne wajen iyo. A nahiyar Afirka, iri ɗaya ne kawai yake hayayyafa, a gaɓar tekun Afirka ta Kudu da Namibiya. Yawansa ya ragu ƙwarai, musamman saboda ƙarancin ƙananan kifayen da yake ci. A shekarar 2024 aka sa shi cikin jerin halittun da suke gab da ƙarewa.

A watan Satumba na 2021, an wayi gari da mushen fengwin 63 a bakin tekun Boulders, kusa da birnin Cape Town. Nan da nan ma'aikata suka kwashe su, suka kai wa likitocin dabbobi. Likitocin ba su ga alamar cizo ko sara ba. Da suka duba da kyau, sai suka ga harbin zuma a kewayen idanun tsuntsayen. An kuma tarar da matattun ƙudan zuma a wurin. Ashe gungun zuma ne ya far musu.

Da an bar mushen nan ya kwana biyu a rana, da ya ruɓe, gaskiya ta ɓace tare da shi. Abubuwa da yawa suna kashe fengwin: yunwa, malalar man jirgin ruwa, ragar masunta, karnuka, da murar tsuntsaye. Kowace matsala da nata magani, kuma sai an san ciwo ake neman magani. Don haka masu kula da namun daji suke roƙon jama'a su kai rahoto da sauri.

Rahoto mai amfani yana faɗin abubuwa huɗu: wurin da aka ga mushen, ranar da aka gan shi, yawan tsuntsayen, da halin da suke ciki. Idan da hali, a ɗauki hoto. Kada a taɓa mushe da hannu, domin wataƙila cuta ce ta kashe shi.

Ma'anar Kalmomi
mushe: dabba ko tsuntsun da ya mutu ba a yanka shi ba
gaɓar teku: ƙasar da take bakin teku
hayayyafa: haihuwa da ƙaruwa
gungu: taro mai yawa

Tambayoyi
1. A waɗanne ƙasashen Afirka fengwin yake hayayyafa?
2. Me ya kashe tsuntsayen Boulders?
3. Yaya likitoci suka gano haka?
4. Me ya sa ba a son jinkiri wajen kai rahoto?

Aiki
Ka ɗauka ka ga mushen fengwin uku a bakin teku. Rubuta rahoto mai jimloli biyar zuwa ga jami'in kula da namun daji.