Famfas ɗin Inna ba ya kai wa asuba

  Mahaifiyata ce ta samu shanyewar ɓarin jiki, shekarunta sun haura 70, ga hawan jini ga ciwon suga. Tun da aka sallamo ta daga asibiti ba ta iya riƙe fitsari, kuma ba ta tashi sai an ɗaga ta. Da rana da sauƙi, don ina sauya mata famfas a kan kari. Dare ne matsalar. Nakan sa mata bayan isha'i, amma kafin asuba zaninta da zanin gado duk sun jiƙe, wani lokaci har katifa. Na koma sayen XL duk da cewa ba ta da jiki, na gwada haɗa biyu, na kuma hana ta ruwa daga la'asar kamar yadda maƙwabciyata ta ba ni shawara, amma duk a banza. Yanzu matsematsinta ya fara ja, tana kukan raɗaɗi. Mai kemis ya nuna mini wani mai tsada da aka rubuta yana ɗaukar sama da lita 3, Yayana mai turo kuɗi kuma ya ce ɓarna ce. In saya ko in bari? Abin da ya fi damun Inna shi ne tana ganin sallarta ba ta karɓuwa.

Ƙanwarki daga Gusau

Ƙanwata, Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da alheri. Amsata ita ce ki sayi famfas na dare mai ƙarfi, amma daidai jikinta, kuma kada lambar litocin da ke jikin leda ta zama ita ce ma'auninki. Abu uku da kika gwada, wato babbar lamba, haɗa biyu da hana ruwa, kowanne ƙara yoyon yake yi ko ya cutar da fata, kuma zan nuna miki dalili.

Mu fara da litocin nan uku, domin su suka fi ruɗar masu saye. Kamfanoni da dama suna samun wannan lamba ne ta wani gwaji mai suna ISO 11948-1, inda ake nutsar da famfas gaba ɗaya cikin ruwan gishiri na minti 30, a ɗaga shi ya tsane na minti 5, sannan a auna nauyinsa. A gwajin nan kowane lungu na famfas ɗin yana shan ruwa, har can bayan ƙugu, kuma babu nauyin mutum a kansa. A jikin mai barci abin ba haka yake ba. Fitsari a wuri ɗaya yake sauka, da yawa a lokaci guda, ga nauyin jiki yana matse audugar, ga shi Inna tana kwance a gefe. Tulu komai girmansa, idan aka kwantar da shi, ta baki ruwan zai zube tun bai cika ba. Saboda haka abin da famfas ke riƙewa a gado ya yi ƙasa ƙwarai da abin da aka rubuta. Amfanin lambar shi ne kwatanta wani famfas da wani, ba alkawari ba ce na yawan fitsarin da zai ɗauka. Abin da ke riƙe ruwan a ciki wani farin gari ne da aka cakuɗa da audugar, wanda yake kumbura ya zama kamar kamu idan ya jiƙe, ba ya sakin ruwan ko an danna. Kaurin famfas ba ya nuna yawan garin nan. Akwai mai kauri wanda kusan duk auduga ce, yana sha da sauri kuma yana mayarwa kan fata da zarar an kwanta a kansa. Manyan kamfanoni suna jera kayansu hawa-hawa: Seni yana da Super, Plus, Trio da Quatro, TENA Slip yana da Plus, Super, Maxi da Ultima, wasu kuma suna zana ɗigon ruwa a jikin leda, yawan ɗigo yawan ƙarfi. Na dare ana ɗauko shi ne daga saman jerin, ko wane kamfani kika samu a garinku.

Kuskuren da na fi zargi a wasiƙarki shi ne XL. Girman lamba faɗin ƙugu yake nufi, ba yawan abin da famfas zai sha ba. Idan kika sa wa siririyar tsohuwa babba, gefen cinya zai buɗe, kuma fitsari zai bi ta wannan kafa ya fita kafin audugar ta taɓa shi. Alamar haka mai sauƙi ce: da asuba ki duba, idan gado ya jiƙe amma bayan famfas ɗin a bushe yake, to ba cika ya yi ba, zuba ya yi. Ki ɗauki tef ɗin tela ki auna ƙugunta da kwankwasonta, ki riƙe wanda ya fi girma a cikin biyun, ki nemi inda ya faɗa a ma'aunin da ke jikin leda, domin M na wani kamfani ba lallai ya zama M na wani ba. Tunda ba ta tsayuwa, mai maƙali a gefe ya fi mata dacewa da mai kama da wando, don ana sa shi a kwance kuma ana iya gyara ɗaurinsa. Kafin ki sa, ki buɗe shi ki naɗe shi gida biyu a tsaye yadda 'yan katangun roba na ciki za su miƙe, don su ne ke tare fitsari idan ya zo da ƙarfi. Maƙalan ƙasa ki ɗan karkata su sama su kama cinya, na sama ki karkata su ƙasa su kama ƙugu, sannan ki bi matsematsi da yatsa ki tabbatar robar ta zauna a lungun cinya, ba ta naɗe ciki ba. Masu jinyar maza su lura gaban ya kalli ƙasa, in ba haka ba ta sama zai zubo.

Haɗa biyu kuwa asarar kuɗi ce tsantsa. Bayan kowane famfas leda ce da ba ta barin ruwa ya wuce, don haka na cikin idan ya cika, gefe yake zubarwa, na wajen kuma yana nan kusan a bushe. Ga zafi da gumi da kika ninka wa fata. Haka abin yake idan aka cusa famfas na jarirai ko audugar mata a ciki. Akwai wata auduga ta ƙari da aka yi musamman don wannan, wadda ba ta da leda a baya, idan ta cika sai ruwan ya ratsa zuwa famfas ɗin. Ita kaɗai ce ƙari mai amfani. Wannan lissafin za ki yi wa Yaya: kada ya dubi kuɗin ƙwaya ɗaya, ya dubi kuɗin dare ɗaya. Biyu masu araha da kike haɗawa, da sabulu da ruwan wankin zannuwa kullum, da katifar da ke ruɓewa, idan aka tara su sukan kai ko su wuce kuɗin ɗaya mai kyau. Kuma ba a ce a yi amfani da mai tsadar nan dare da rana ba. Da rana, da kike sauyawa akai-akai, matsakaici ya isa.

Akwai hanyar da za ki san ƙarfin da Inna ke bukata ba tare da hasashe ba. Giram ɗaya na fitsari kusan mililita ɗaya ne. Ki auna busasshen famfas a ƙaramin sikeli, ki sake auna shi da safe, bambancin shi ne fitsarin dare, ki yi haka dare uku ki rubuta. Baligi mai lafiya yakan yi tsakanin mililita 800 zuwa 2,000 a yini da dare, kuma mafi yawansa da rana. Idan tsoho yana fitar da fiye da kashi ɗaya cikin uku na jimillar fitsarinsa da dare, likitoci suna ɗaukar sa a matsayin larura mai dalili, kuma Inna tana da dalilai a fili. Suga idan ya haura kusan 180 a ma'aunin da aka saba, yakan fara fita ta fitsari yana jan ruwa tare da shi. Wasu magungunan hawan jini, irin su Lasix, aikinsu ke nan su sa fitsari, kuma lokacin shan su yana da tasiri. Ruwan da ya taru a kumburarrun ƙafafu da rana yakan koma jini idan an kwanta, ƙoda ta tace shi cikin dare. Ki kai wa likitanta takardar awon nan. Kada ki sauya lokacin magani da kanki, amma ki tambaye shi ko za a iya, domin daidaita suga da magani na iya rage fitsarin dare fiye da duk famfas ɗin da ke kasuwa.

Batun hana ruwa daga la'asar, ina roƙonki ki daina yau. Na san maƙwabciyar da kyakkyawar niyya ta faɗa, kuma a ido yana kama da hankali. Amma tsoho bai cika jin ƙishi ba ko da jikinsa ya bushe, balle mai ciwon suga a zafin ƙasarmu. Ƙarancin ruwa yana sa fitsari ya yi kauri da wari, ya riƙa tsokanar mafitsara, ya fi cin fata, yana kuma kawo taurin bayan gida da ruɗewar tunani. Ta sha ruwanta sosai da safe da rana, sai a sassauta awa biyu kafin barci, a kuma janye shayi, kofi, lemon kwalba da goro daga yamma, don suna ƙara fitsari.

Akwai ƙorafi mai nauyi da za a iya yi wa shawarata, kuma ba zan raina shi ba: idan famfas ya yi ƙarfi, mai jinya zai bar shi ya daɗe, fata kuma ta lalace. Gaskiya ne fatar da ta daɗe a jiƙe takan yi laushi, ƙwayoyin cuta kuma suna juya fitsari ya zama mai zafi a kanta. A 2003 Mandy Fader da abokan aikinta a Ingila sun wallafa wani bincike da aka yi a gidajen kula da tsofaffi, inda aka kwatanta sauyawa bayan awa 4 da sauyawa bayan awa 8 da dare. Ba su ga bambanci a jan fata ba, sai dai fatar waɗanda aka daɗe ba a sauya wa ba ta fi jiƙa, kuma 'yan kaɗan daga cikinsu sun samu gyambon kwanciya, ko da yake adadin bai kai a yanke hukunci da shi ba. Abin da na fahimta daga nan shi ne famfas mai kyau yana sayo wa mai lafiyar fata barcin dare, amma ba ya ɗauke wajibcin dubawa. Inna ba ta juyawa da kanta, don haka ko famfas bai cika ba sai an juya ta daga gefe zuwa gefe, kuma tunda fatarta ta riga ta yi ja, ki sauya mata sau ɗaya a tsakiyar dare har ta warke. Ki jinkirta sa na dare zuwa lokacin kwanciyarki maimakon bayan isha'i, kin rage awa biyu ke nan. Bayan gida kuwa ba ya jira ko na minti kaɗan. A kowane sauyi ki wanke da ruwan ɗumi daga gaba zuwa baya, ki tsane da tattausan ƙyalle ba tare da gurzawa ba, ki shafa man kariya mai zinc siriri. Kada ki lafta basilin, yana toshe fuskar famfas ya hana shi sha, kuma ki bar hoda, don tana dunƙulewa a lungu. A watannin bazara ki nemi mai baya kamar yadi wanda iska ke ratsawa, kuma ki shimfiɗa zani tsakaninta da ledar katifa.

Wani zai ce a sa mata robar fitsari a huta. Robar tana da wurinta, kamar idan fitsari ya ƙi fita ko akwai babban gyambo da ake son ya bushe, kuma likita ne ke yanke wannan. Amma robar da ta kai wata guda a jiki kusan kullum tana tara ƙwayoyin cuta a mafitsara, kuma ga mai suga wannan haɗari ne da ya fi wankin zani nauyi nesa ba kusa ba.

Game da salla, ki kwantar wa Inna hankali. Malamanmu sun san wannan larura da sunan salisul bauli, kuma a mazhabar Malikiyya fitsarin da ke zuwa mafi yawan lokaci ba da ikon mutum ba ba ya warware alwala. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ambaci cewa an so mai wannan hali ya sake alwala a kowace salla. Ki daidaita sauyin famfas da lokutan salla gwargwadon iko, kuma ki nemi malamin da ta yarda da shi ya faɗa mata da bakinsa, don za ta fi natsuwa. Idan kuma kika ga jan ya fashe ko ya fito da ƙuraje a gefe, ko fata ta yi duhu a kan ƙashin gindi ko dunduniya, ko zazzaɓi, ko jini a fitsari, ko ta soma ruɗewa farat ɗaya, kada ki jira ranar ganin likita, ki kai ta asibiti a ranar.